Magana ta Huɗu da Baba Ya Bar Mini

Allah ya karɓi abinsa. Mahaifina ya riga mu gidan gaskiya a farkon damina, a ƙauyenmu na bakin ruwa kusa da Wara. Ya yi sallar azahar, ya kishingiɗa a rumfar ƙofar gida kamar kullum. Ƙanwata, wadda ke riƙe da gidan tun bayan rasuwar Inna, ta je tashinsa la'asar, ta tarar rai ya yi halinsa.

Ni malamin firamare ne mai ritaya, ba marubuci ba. Na saba jera abu daki-daki, haka kuma zan yi a nan. Zan fara da masu ta'aziyya, in bi da halinsa, in rufe da abin da ya faru a kan karatun 'yata. Na ƙarshen ne ya sa na ɗauki biro.

Mutane sun zo. Na tsibirai sun zo a jirgi, na Yelwa da Shanga a kan kabu-kabu. Masunta sun jingine taru, masu albasa sun bar fadama. Cikin masu zuwan akwai wani tsohon Bakambare daga duwatsun Ngaski, Kirista, abokin Baba tun suna samari. Ya zauna a gefen tabarma. Da aka shafa fatiha shi ma ya ɗaga hannu ya shafa tasa irin addu'ar. Sannan ya share ido da bakin riga ya ce da ƙarfi:

"Maƙaryacin nan ya tahi ya bar ni."

Na ɗago kai na zuba masa ido irin yadda nake yi wa ɗalibai. Ko a jikinsa. Ya nuna wani tsohon Bafillace da ke zaune can nesa, sanda a kafaɗa.

"Shanun wancan sunka cinye min dawa wata shekara. Nic ce ma marigayi, tahi ka gaya mai in na sake ganin kofato ɗaya cikin gonata sai na sare shi. Yac ce, 'To, an ji.' Ya nemi ruwa ya sha, ya tahi. Da marece sai ga shi da ƙwaryar nono, wai ana ba ni haƙuri."

Bafillacen ya amsa daga inda yake, bai ko ɗago ba: "Ni kuwa ce min yay yi kana gaishe ni, kana roƙon a bi da shanu ta gefen rafi. Nonon ma saye yay yi hannun matata. Abin da nic ce a gaya maka kuwa ba shi faɗuwa gaban liman."

Mutane suka rufe baki da hannun riga. Wurin makoki ne, amma murmushi ya zagaye rumfar. Ni ma na ɗan saki fuska. Ban san abin yana zuwa kaina ba.

Liman ne ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, kai ma Allah shi saka maka. Shawarar da ka aika ma ɗiyarka kan karatun ga na ƙasar waje, marigayi ya maimaita muna ita nan cikin rumfar ga. Ba kowane uba ka da wanga tunani ba."

Wani ya ce wallahi kuwa. Wani ya ce ya riga ya gaya wa nasa ɗan ya yi koyi. Na ce amin, na ce na gode. Kunnuwana suka ɗauki zafi. Na san abin da na aika, na kuma san ba abin da liman zai yaba ba ne.

Kafin in ci gaba, dole in yi bayanin tsakanina da yarinyar.

Ita ce 'yar farina, kuma sunan Inna ta ci. A wajenmu uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye ta, iyayena suka ɗauke ta, a hannunsu ta tashi. Malam take ce mini, kamar kowa. Wasu iyayen sukan sassauta in yaro ya girma. Ni ban sassauta ba. Ni mutum ne da in an ba ni doka nakan riƙe ta da hannu biyu. In na je ƙauye ta durƙusa ta gaishe ni, sai in amsa ina kallon bango. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin Baba yake bi.

Shi kuwa Baba, da yake sunan matarsa ta ci, uwargida yake ce mata. Ita kuma ba ta raga masa.

"Uwargida, yau mi anka dafa ma miji?"

"Wane miji? Tsohon da haƙoransa ba su kai a ƙirga ba? Na sake ka tun bara."

"Ki sake ni ki auri wa? Samarin yanzu ko tuƙi ba su iya ba."

Nakan ji su daga zaure, in yi kamar ban ji ba.

Yanzu halinsa. Baba ɗan tsibiri ne. A tsohon garinmu aka haife shi, wanda ruwa ya ci lokacin da aka tare kogi da madatsa ya zama tafki. Ya yi su, ya yi fito. Shekaru yana ɗaukar mutane a jirgi tsakanin tsibirai da Yelwa, kuma tare da mutanen yana ɗaukar saƙonni, don a lokacin babu waya. Neman aure, bikon mace, rikicin gona, duk shi ake aikawa. Bai taɓa ƙin aike ba. Bai taɓa yi wa mai aike gardama ba. Komai zafin maganar, sai ya ce, "To, an ji." Ya nemi ruwa, ya sha a hankali kamar mai shan magani, ya tashi. Bai yi boko ba. Ba ya sa takalmi in ya kusanci ruwa. In an kawo kifi, kai kawai yake ci, ya tura wa yara tsoka. Har ya tsufa yana gyaran tarun da ba wanda zai sake jefawa, wai kada hannu ya manta. Mace mai naƙuda ko marar lafiya, in dai a jirginsa ne, ba a yin zancen biya.

Akwai abu ɗaya game da ni da ya kamata mai karatu ya sani. Da na je kwalejin horon malamai, yaran gari sukan toshe hanci in na shigo aji. Ɗan gungu suke ce mini, wato ɗan tsibiri, mai ƙarnin kifi. Na wanke kayana har suka koɗe. Tun daga lokacin na ƙudurta cewa 'ya'yana ba za su san wannan ba. Na zauna a Yelwa, na yi aikin alli da allo, na bar ruwa ga masu shi.

Yarinyar ta yi digirin farko a ilimin halittu, ta yi bautar ƙasa, sai Allah ya ba ta tallafin yin digiri na biyu a ƙasar waje. Jami'o'i biyu suka karɓe ta. Ɗaya a Maleshiya, inda za ta karanci tafiyar da asibitoci. Ɗaya a Holan, inda za ta karanci ruwa da kifin da ke cikinsa. Dole ta zaɓi ɗaya, ta saki ɗaya.

Ranar kasuwa Baba ya hawo kabu-kabu ya zo Yelwa ya same ni. Ya ce uwargida tana gaishe ni, tana neman shawarata. Ya yi mini bayanin wuraren biyu yadda ya fahimta, yana kiran Holan da sunan da shi kaɗai ya san inda ya samo shi. Ban bar shi ya gama ba. Na ɗaga yatsa.

Na ce, "Na farko, Maleshiya ƙasar Musulmi ce. Na biyu, karatun asibiti aikin ofis yake bayarwa, da kujera da fanka. Na uku, a gaya mata ban sa ta makaranta don ta koma cikin ƙarnin kifi ba. Wanda muka sha ya ishe mu."

Haka na faɗa, ga mutumin da kifi ya ciyar da ni ta hannunsa. Ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, "To, an ji." Ya nemi ruwa. Aka kawo, ya sha, ya tafi. Da ya sake zuwa ya ce ta ji, ta gode, tana tunani, tana neman addu'a. Na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, na kira ƙanwata bayan rumbu. Na ce ta gaya mini abin da Baba ya faɗa wa yarinyar.

"Yaya, kai ka aiko, kai ka tambaya?"

"Tambayarki na yi."

Ta gyara zane ta fara. Ta ce Baba ya dawo ya zaunar da yarinyar, ya yi gyaran murya irin tawa, ya ɗaga yatsa irin yadda nake yi, ya ce, "Kin dai san Malam, komi nashi da lamba." Na farko, wai na ce kada ta dubi girman gini ko sunan makaranta, ta dubi malamin da zai riƙe ta, ko yana da lokacinta. Na biyu, wai na ce ta nemi waɗanda suka zauna a can ta tambaye su inda za ta yi salla, da abin da za ta ci, da matan da za ta zauna da su. Na uku, wai na ce ta zaɓi karatun da za ta iya tashi dominsa ranar da babu mai yaba mata.

"Ta yi kuka ranar," in ji ƙanwata. "Don lokacin da za ta aike shi wurinka, ce mai tay yi, 'Ka tahi, amma Malam ko abin da na karanta a digirin farko bai sani ba.' Sai ga wanga saƙo."

Wannan ma bai iso gare ni ba. Gaisuwa ce ta iso.

Yarinyar ta bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, don ta ɗauka nawa ne. Ta samu wata 'yar Birnin Kebbi da ke karatu a Maleshiya, ta ce mata rayuwa da sauƙi, masallaci ko'ina, abinci babu shakka, rana kamar ta gida. Amma malamin can ɗalibai sun yi masa yawa, ba a cika ganinsa ba. Na Holan kuwa an ce mata akwai sanyi mai shiga ƙashi, ɗaki da wuyar samu, masallaci sai an hau mota, kowa kuma a kan keke. Amma malamar can, wata dattijuwa mai furfura, ta yarda su yi magana ta waya mai hoto.

Baba ya ce ba za a yi ba tare da shi ba. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya shafa turare, ya zauna a gaban waya kamar mai karɓar baƙon sarki. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara, ya tambayi damina, yarinyar tana fassarawa tana roƙonsa ya taƙaita. Ya ce a tambaye ta ko gaskiya ne teku ya fi ƙasarsu tudu. Aka ce gaskiya ne, bango suka yi masa. Ya jinjina kai ya ce, "Ku kun tare ruwa kun zauna. Mu anka tare ruwa munka tashi." Sannan ya ce a tambaye ta ko tana cin kan kifi. Matar ta yi dariya ta ce a'a. Ya ce, "To, da sauranta. Uwargida, in kin je ki koya mata."

Ƙanwata tana ba ni labarin tana dariya da hawaye. Sai ta tsaya.

"Saura na huɗu," in ji ta.

"Wane na huɗu?"

"Yac ce ka ce akwai na huɗu, amma shi ba na aike ba na. Da bakinka za ka faɗa mata. Shi take jira. Ba ta amsa ma kowace makaranta ba. Kuma in watan ga ya ƙare ba ta amsa ba, wani za a ba gurbin, duka biyun."

Abin da na fara ji fushi ne. Ina faɗin gaskiya: na yi fushi da mamaci. Ya sa mini magana a baki, ya ɗaure ni da ita a gaban liman da jama'a, ya kwanta ya bar ni. Na ce wa ƙanwata ban aika ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ta ce, "Shi ya sa ke nan. Ranar da ya dawo daga Yelwa, kafin ya kira ta, sabulu ya nema. Ya wanke hannu, ya sunsuna, ya sake wankewa. Nic ce, Baba, mi ka taɓa? Yac ce ba komi."

Na zauna a kan turmin da ke kife a wurin. Na gaya mata na ukun da na aika, kalma da kalma. Ba ta zage ni ba, don ni yayanta ne. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Duk da haka hali bai bar ni ba. Na ce ta je ta gaya wa yarinyar na huɗu shi ne ta yi abin da ta ga ya dace.

"A'a, Yaya. Ni ba Baba ba ce. Ni abin da anka ba ni shi nika kaiwa, ba ragi. In ka aike ni, daga na farko zan fara, na gaskiya. Ka zaɓa."

Washegari da hantsi na fito rumfa. Yarinyar tana naɗe tabarmin masu ta'aziyya. Tabarmar Baba tana nan inda take, ba wanda ya taɓa ta. Na zauna kusa da ita, ban hau ba. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, ta yunƙura za ta bar wurin kamar yadda ta saba.

Na ce wa iska, "A zauna."

Ta zauna a bakin rumfa, ta ba ni gefe, tana kallon ruwa. Ni ma ruwan nake kallo. Jirgin Baba yana kife a kan yashi.

"Malam," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa, "an ce akwai na huɗu."

"Akwai."

Na tsaya gaban aji shekaru masu yawa ban taɓa rasa abin faɗa ba. Ranar na rasa. Na nemi doka, na nemi nasiha, babu wadda ta zo. Abin da ya zo shi na faɗa.

"Na huɗu, ki gaya mini mene ne wannan karatun ruwan. Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba."

Rabon da in dube ta in ce "ki" na manta. Ita ma ta ji. Ta ɗan juyo, ta sake mayar da kai.

Sannan ta fara. Ta ce giwan ruwan da Baba ke ba da labari yanzu sai a baki. Ta ce ana jefa taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba. Ta ce maganin feshin gonaki yana gangarowa cikin tafki, ciyawa tana rufe mashigai. Ta ce akwai hanyar auna duk wannan, a san lokacin da ya kamata a bar ruwa ya huta, kuma ita take so ta koyo. Rabin maganar ban gane ba. Na dai gane cewa muryarta ta canja, ta daina rawa.

Da ta kai ƙarshe ta ce, "Amma ina jin tsoron sanyin, da zama ni kaɗai. Maleshiya ta fi sauƙi. In Malam ya ce can, can zan tahi."

Ga abin da na nema tun farko an ajiye mini a gaba. Kalma ɗaya ce. Na dubi tabarmar da ke gefena.

Na ce, "Na ukun da aka kawo miki. Wanne za ki tashi dominsa?"

"Na ruwa."

Bakina ya riga ni. Na ji kaina na ce, "To, an ji."

Ta sa hannu ta rufe baki. Kafaɗunta suna motsi, ban san ko dariya ce ko kuka ba, wataƙila duka. Na ce a ba ni ruwa. Ta tashi da gudu ta kawo a kofin Baba. A ranar ta amsa wa Holan.

Yanzu tana can. Saƙon muryarta kai tsaye yake shigowa wayata. Ta ce ta faɗi a kan keke, ta ce ta samu wasu mata 'yan Maroko da suke zuwa masallaci tare, ta ce malamar har yanzu ta ƙi kan kifi. Malam take ce mini har gobe, ni kuma ba na kiran sunanta, don sunan Inna ne. Amma ina amsawa da bakina.

Na tambayi liman, ban kama suna ba, ko irin abin da Baba ya yi zai zame wa mutum nauyi. Ya ce mai gyara tsakanin mutane ba a rubuta shi cikin maƙaryata. Na ji sanyi. Saura nawa nauyin. Don haka ina sanar da liman, da duk wanda ya yaba mini a rumfar nan, cewa shawarwarin uku ba nawa ba ne. A mayar da yabon ga mai shi. Ita ma yarinyar a nan za ta fara sani. Abin da na aika daban ne, wani ne ya tsaya a hanya ya karɓe shi a jikinsa.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa. Ya Allah, ka karɓi aikinsa yadda shi ya riƙa kai saƙonninmu, ka rufe mummunan, ka bayyana kyakkyawan.

Ranar da za ta tafi, ƙanwata ta ƙulla mata bandar kifi ta ci a hanyar Abuja. Mai kabu-kabu ya miƙo hannu zai karɓa, na hana shi. Ni na riƙe ƙullin har tashar mota a Yelwa, man kifin yana tsattsafowa ta takarda. Na miƙa mata ta taga. Ban wanke hannuna ba sai da aka kira azahar.